Bar Tankar Yaƙi, Zana Kwanon Awo

Wasiƙar wannan makon daga Darki ta fito, ta ƙaramar hukumar Wudil. Mai ita malamin makaranta ne, yana koyar da 'yan ƙaramar sakandare, kuma tun yana yaro Allah ya ba shi hannun zane. Ya ce da aka zo rabon gadon kakansa aka buɗe wata tsohuwar adaka, sai ga guntayen jaridu a can ƙasa, sun yi ja, gara ta ɗan taɓa gefensu. Ba wanda ya kula su, shi ya kwashe. Tambayarsa biyu ce. Yana so ya san yadda zai adana su, da inda zai samo irin zanen barkwancin da jaridu suka yi a zamanin yaƙin Hitila don ya nuna wa yara. Sannan shi ma yana so ya fara zana yadda yaƙin da ake yi a wata uwa duniya yake lallaɓowa ya taɓa aljihun mutumin Darki. Sai dai duk lokacin da ya zauna da fensir, hannunsa sai ya tafi ga tankar yaƙi da jirgi da bam, abubuwan da bai taɓa gani ba sai a waya.

Malam, na gode da wannan wasiƙa. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Bari mu fara da takardun, don su ne ba sa jira.

Kada ka kai su shagon da ake liƙe takarda da leda mai zafi. Na san shawarar da kowa zai fara ba ka ke nan, tunda haka muke yi wa takardar shaidar makaranta, amma tsohuwar jarida ba ta jure wannan zafi da gam, kuma in an liƙe an gama, ba mai ɓare ledar rubutu bai biyo ta ba. Haka salatif: shekara biyu zuwa uku zai yi ja, ya bar tabo, ya cinye takardar da aka sa shi ya tsare. Inda ta yage ka bar ta a yage. Kada ka yayyafa mata ruwa, kada ka ɗora mata dutsen guga wai don ta miƙe. Wanke hannu, ka bari ya bushe, ka shimfiɗa tsabtataccen zane a kan tebur, sa'an nan ka warware ninkin a hankali. In da hunturu ne, lokacin da takarda ke karyewa kamar busasshen ganye, yi aikin da sassafe kafin iska ta taso. Daga nan ka ɗauki hoto da waya a inuwa, a zaure ko a gindin darbejiya, fitilar wayar a kashe. Fara ɗaukar shafin gaba ɗaya yadda sunan jaridar da kwanan wata za su fito, sa'an nan ka matso kan abin da kake so. Wannan ina nanata maka shi, domin zanen barkwanci amsa ce ga labarin makon da aka buga shi. In kwanan wata ya ɓace, ka tashi da amsa a hannu ba ka san tambayar ba.

Bayan hoto, sa kowane shafi tsakanin farar takarda biyu, ka haɗa su cikin kwali mai faɗi, ka ajiye a bisa, nesa da ƙasa da bango, don ta bango gara ke hawa. Kada ka ƙulle su cikin leda da damina, za su yi gumi su yi funfuna. Hotunan kuwa ka tura wa mutum biyu da ka amince da su, ko wayarka ta faɗa ruwa abin na nan. Yara kwafi za ka ba su, asalin ya zauna gida.

In guntayen nan na Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, to ka san abin da ke hannunka. A watan Janairu na 1939 aka fara buga ta a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta na farko, yana aiki tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. Cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta yaɗu a lokacin, cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Wata takwas da fitowarta yaƙi ya ɓarke a Turai, sai ta zama babbar hanyar da labarinsa ke isa fadar hakimi da ajin elemantare da zauren malamai, inda mutum ɗaya zai karanta goma su saurara. Har shafin ajami aka riƙa sa mata, mai suna 'Yar Gaskiya, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Jarida ce mai daraja, Hausarta har yau abin koyi ce, kuma wasiƙun masu karatu da ke cikinta taska ce. Amma ka gaya wa yara tun farko cewa gwamnatin Turawa ce ke biyan kuɗin bugawa, kuma gwamnatin tana cikin yaƙin tsundum. Duk hoto ko zanen da suka tarar a ciki, su karanta shi da wannan a ransu.

Zanen barkwanci mai cizo, wanda ake jira kowace safiya a ga wa ya taɓa, a Legas ya fara kafuwa a ƙasar nan. Jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937, ita ta ɗauki Akinola Lasekan, mutumin Owo, wajen 1944, yana sa hannu da sunan Lash, kuma alƙalaminsa kan mulkin mallaka ya fi sauka. Ka ga jaridu biyu ke nan a ƙasa ɗaya da zamani ɗaya, ɗaya ta gwamnati ɗaya ta masu neman 'yanci. In ka sami shafi daga kowace ka jera wa yara su gefe da gefe, ka gama rabin darasin.

Wajen nema kuwa, fara da na kusa. Je Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, ka yi tambaya. In ka sami hutu ka wuce Kaduna, ga Arewa House ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ka biya Zariya ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. Tafi da takarda daga shugaban makarantarku da katin shaidarka, ka faɗi shekarun da kake nema, 1939 zuwa 1946, kada ka ce kawai tsofaffin jaridu, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Na Ingila kuwa suna intanet: Jami'ar Kent tana da taskar zanen barkwanci, ka rubuta sunan David Low ko Philip Zec ka sha kallo.

Zec ɗin nan nake so mu tsaya a kansa, don a zanensa guda ɗaya akwai amsar tambayarka ta biyu. A watan Maris na 1942 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen dakon mai da ke zuwa Ingila, ma'aikatan jirgi suna mutuwa a teku. Sai gwamnati ta amince a ƙara kuɗin fetur. Zec ya yi zane a jaridar Daily Mirror: mutum ɗaya, ma'aikacin jirgi, ya ƙanƙame guntun katako a tsakiyar teku, igiyar ruwa na dukansa, ba jirgi ba kowa. A ƙasa aka rubuta layi ɗaya, sanarwar cewa an ƙara kwabo ɗaya a kuɗin fetur. Babu Hitila a zanen, babu tuta, babu bindiga. Kwabo ɗaya da rai ɗaya kawai aka ɗora a ma'auni, aka bar mai kallo da su.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne. Shi Zec ya ce nufinsa mutane su daina ɓarnar mai, su tuna da ran wani aka kawo shi. Firayim Minista Churchill da ministan cikin gida Herbert Morrison suka karanta shi da wata fuska, wai ana cewa ma'aikatan jirgi na mutuwa don kamfanonin mai su ƙara riba. Har aka yi wa jaridar barazanar rufewa, maganar ta kai majalisa. Ka ga zane ɗaya, layi ɗaya, fassara biyu, kuma kowace tana da ƙafar tsayawa. Ka nuna wa ɗalibanka shi ba tare da ka gaya musu komai ba, ka ce kowa ya rubuta abin da ya fahimta. Za ka ga ajin ya rabu kamar yadda Ingila ta rabu.

To me yaƙin nan ya yi wa ƙasar Kano, da har za ka sa yara su nemi sawunsa? Ba a gwabza a nan ba, amma ya shigo gida-gida. Jiragen ruwa suka koma dakon soja da makamai, kayan kanti suka yi wuya. Gishirin Turawa ya yi ƙaranci har sai da hukuma ta sa hannu a rabonsa. Kananzir, yadi, ashana, fetur, duk suka zama abin nema. Ta arewa kuma hanya ta ƙuntata, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Turawan Faransa da ke mulkin Nijar suna bin gwamnatin Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus, sai iyakar da fatake suka saba ratsawa zuwa Maraɗi da Damagaram ta zama iyakar abokan gaba. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai ta juyo kan ta Jos. Aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ala tilas zuwa haƙar kuza, daga 1942 zuwa 1944, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Sanyin tsauni da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa saboda Ingila na bukatar mai, farashi kuwa hukumar Turawa ke yankawa. Aka yi ta karɓar gudummawar yaƙi ta hannun En'e, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Filin jirgin saman Kano ya zama zango a hanyar jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Samari kuma aka ɗauke su soja, wasu suka yi yaƙin Habasha, wasu aka tsallaka da su teku cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama ta Asiya, ba Bama ta Borno ba, ka bayyana wa yara wannan don za su rikice. Tsadar da ta taru a shekarun nan ita ta kai ma'aikata ga babban yajin aiki na 1945, wanda ya haura wata guda.

Duba jerin nan da idon mai zane. Wanne ne a ciki yake bukatar tanka? Ga uwargida tana lasar miya ba gishiri. Ga fitilar kwai a rataye ba kananzir, an koma aci-balbal. Ga gona an yi huɗa an bar fartanya a kunya, mai ita an tafi da shi Jos. Abin da mutanenmu suka gani na yaƙin ke nan, kuma shi ne abin da Baturen da ke zane a Landan ba zai iya zanawa ba. Tankarka ba za ta taɓa fin tasa ba, shi ya gan ta da idonsa. Kwanon awo kuwa kai ka san nauyinsa.

Kafin ka zana na da, je ka wurin tsofaffi, kuma ka hanzarta, domin wanda yake da shekara goma a 1945 yau ya kai casa'in. Kada ka ce, Baba ba ni labarin Yaƙin Duniya na Biyu, zai ce shi bai je ba. Tambaye shi wane ne ya fara gani da kakin soja a garin, da abin da mazan jiya suka dawo da shi a jaka. Iya kuwa tambaye ta da me suka yi miya shekarar da gishiri ya ɓace, da irin zanen da aka sa mata a lefe. In waɗanda suka gani da ido sun ƙare a unguwarku, 'ya'yansu sun ji daga bakinsu, ka rubuta ka kuma nuna cewa ji ne ba gani ba. Ka nemi izini kafin ka naɗi muryar kowa, ka kuma tafi da goro.

Yanzu mu dawo yau. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Yukren. Ƙasashen nan biyu su ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya, mu kuma yawancin alkamar da ake niƙa mana fulawa daga waje take zuwa, wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura ba ta kai ko'ina ba. Rasha da maƙwabciyarta Belarus kuma manya ne a sinadarin da ake haɗa takin kamfa da shi. Man dizal, wanda babbar mota da injin niƙa da gidan burodi ke sha, ya yi tashin gwauron zabo a shekarar. Ga aikin da nake so ka ba yara a kan allo: su ja igiya ɗaya tun daga tashar jiragen ruwa ta Odesa a Bahar Aswad, ta biyo ta tashar Apapa, ta shiga kamfanin fulawa, ta hau tirela zuwa kasuwar Singa a Kano, ta haye gadar Wudil, ta shiga gidan burodi, ta ƙare a teburin mai shayi a tashar Darki. A kowane ƙulli su rubuta wane ne ya riƙe ta da abin da ya ƙara. Yaron da ya ja wannan igiya da hannunsa ba zai sake cewa tsada daga sama ta faɗo ba. Mai gurasa da mai fanke da mai taliyar murji duk a jikin igiyar nan suke rataye.

A nan kuma nake so ka yi taka-tsantsan, don nan ne mai zane yake zama maƙaryaci bai sani ba. Ba kowace tsada ce ɗiyar yaƙin Yukren ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 a nan gida aka haife shi. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, su ma na gida ne. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 shawarar shugabannin yankin nan ce, ko da yake in ka ajiye ta kusa da ta 1940 za ka sami zane mai sa tunani. 'Yan bindigar da suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina ba daga Turai suka zo ba, haka mai sayen hatsi da kaka ya kulle a sito yana jiran bazara. Gero da dawa a gonakinmu suke fita. In sun yi tsada, ka bi sawu ka gani: nawa ne na taki, nawa ne na kuɗin mota, nawa ne na ɓoyo. Na sha jin an ce ai yaƙi ake yi a duniya, a kan kayan da ko kusa da teku bai taɓa zuwa ba, kuma abin yana ci mini rai, domin wanda ake gaya wa hakan ba shi da hanyar musu. Idan zanenka ya ɗora wa yaƙin nesa laifin da na kusa ne, ka wanke wanda bai cancanci wanki ba, ka kuma koya wa yara sallamawa. Idan kuma ka ɗora wa ɗan kasuwar garinku laifin da ya faro daga Bahar Aswad, ka zalunce shi. Bi igiyar tukuna, sa'an nan ka ɗauki fensir.

Ga yadda zan so ka yi aikin. Ranar kasuwar Darki ka ɗauki ƙaramin littafi ka zauna kusa da 'yan awo, awa ɗaya, ba zane za ka yi ba, kallo za ka yi. Dubi hannun mai awo, yadda yake yi wa kwano tsoro da yadda yake shafe shi. Dubi hannun mai saye lokacin da aka faɗi kuɗi, yadda yake komawa aljihu ya fito ya sake komawa. Saurari abin da ake cewa, ka rubuta shi yadda aka faɗa, da Hausar kasuwa, domin layin da za ka sa a ƙasan zane yana bakin mutane, ba sai ka ƙirƙira ba. Ka rubuta farashin abu biyar, kwanon gero, kwanon masara, buhun kamfa, litar fetur, burodin da mai shayi ya fi yankawa, ka riƙa yin haka duk mako. Bayan wata shida littafin nan zai fi kowace jarida sanin Darki.

In ka zo zanen, abu ɗaya za ka faɗa. Mai koyo yakan cika takarda da taswira da tuta da shugabanni da kibiyoyi, kowane da sunansa a rubuce a ciki, har mai kallo ya gaji. Ɗauki abu guda da kowa ya sani, ka nuna abin da ya same shi. Raba takarda gida uku a jere, kuɗin da ke hannu iri ɗaya, burodin yana ƙanƙancewa har ya ɓuya a bayan kofin shayi. Ko buhun taki guda da hannaye huɗu a kai, kowa da kwanonsa, a wurin da dā mutum ɗaya ke ɗaukar buhu biyu. Ko injin ban-ruwa a bakin fadama, mesa a bushe, galan a kife, tumatir ya sunkuyar da kai. In kana so a san daga ina abin ya taso, ɗan hayaƙi a can ƙarshen takarda ya isa, ko rediyo a rataye a reshe. Fara da fensir, ka bi da baƙin biro ko maka, layi mai kauri, domin siririn layi yana ɓacewa a kwafi da kuma a fuskar waya. Rubutun kada ya wuce layi ɗaya, kuma ka yi shi da boko da ajami, kamar yadda aka yi wa masu karatun 'Yar Gaskiya. A garinku masu karanta ajami ba kaɗan ba ne, kuma za su ji an yi da su. Don ka saba da yadda gwanaye ke rage kaya a takarda, riƙa duba aikin Mustapha Bulama na Daily Trust, ka lura da abin da ya bari bai zana ba. Kallo za ka yi, ban da kwaikwayo.

Akwai maganar da ba ka kawo ba, amma na san za ta taso, in ba daga gare ka ba daga iyayen yara: hukuncin zana mai rai. Wannan fagen malaman fiƙihu ne, ka kai wa malaminka ka ji ta bakinsa, ka kuma girmama uban da ya ce ɗansa ba zai zana mutum ba. Abin da zan ƙara shi ne irin wannan zane yana tsayawa da ƙafarsa ko babu fuska ko ɗaya. Dubi misalan da na ba ka: burodi, buhu, inji, fartanya a kunya. Bencin mai shayi da babu kowa a kai da hantsi ya fi fuskar mai kuka faɗin magana. Saboda haka yaron da aka hana zana mai rai ba a fitar da shi daga darasin ba, wataƙila ma shi zai fi kowa kawo zane mai kyau.

In kuwa za ka sa mutane, kada ka zana fuskar da za a gane. Darki ba Legas ba ce, kowa ya san kowa, zanen da ka yi don raha zai iya zama abin gori ga 'ya'yan wani har su girma. Kada ka mai da talaka abin dariya, shi ne wanda kake zanen dominsa. Ban da zolayar ƙabila ko addini, ban da alamar jam'iyya a aikin aji. Abin da za ka manna a allon sanarwar makaranta, shugaba ya gani tukuna.

Gwajin ƙarshe, kafin ka nuna wa duniya: rufe rubutun da yatsa ka miƙa wa wanda bai yi karatu ba, ɗan dako ko gwaggo mai ƙuli-ƙuli, ka yi shiru. In ta kalla ta ce wallahi haka ne, ko ta yi dariya ta girgiza kai, ya yi. In ta ce mene ne wannan, kada ka yi mata bayani, karɓi abinka ka koma ka sake. Sa'an nan ka tuna da Zec, ka nuna wa mutum na biyu wanda zanen zai iya taɓawa, mai gidan burodi ko dillalin taki, ka ji yadda shi ya karanta. In fassararsa ta saɓa da nufinka, ka yanke shawara da idonka a buɗe: ko ka gyara, ko ka bar shi a haka kana sane.

A ƙasan kowane zane ka sa sunanka, da sunan Darki, da kwanan wata cikakke, a bayansa kuma ka rubuta farashin kwanon gero na wannan makon. Ka ajiye asalin cikin kwalin da ka sa jaridun kaka. Na farkon da gwaggo ta amince da shi, ɗauki hotonsa a inuwa ka aiko mini ta adireshin wannan fili, tare da abin da ta ce da ta gani.